Haƙoran Motar Malam

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Wadda ta shigo aron turmi sai ta zauna, wadda ta zo gaisuwa ta ƙi tashi: Iya, ya ƙasar take, me suke ci, da gaske a garejin makanikai kika kwana? Ban kwana a gareji ba, kuma na san bakin da maganar ta fito. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Maman Rahila, wadda ta yi koyarwa har ta yi ritaya, na ce ta zo da biro. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na gargaɗe ta, abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta gyara mini baki. Mai son ji ta karɓa a karanta mata, a bar ni in huta.

Mafarin tafiyar mota ce. Malam, Allah ya jiƙansa, ya bar akori-kura fara wadda ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙawa. Da ya rasu, shekara huɗu ke nan, 'ya'yana mata suka bar wa ƙanensu Tanimu ita ya riƙa nema, da sharaɗin ba a sayarwa, ba a sauya mata komai sai da sanina.

A ƙarƙashinta, tsakanin tayoyin baya, akwai wani tulun ƙarfe a tsakiyar aksil. Cikinsa akwai faifai mai haƙora da wani ƙarami da ke juya shi. Malam ya sa an ɗaura mata irin na jan kaya, don a lokacin aikinsa ke nan, fito da rake da tumatir da masara daga fadamun Bomo da bayan Zabi, cikin laka da rairayi. Da waɗannan haƙoran babu nauyin da ba ta ja, amma ba ta gudu. In ta hau kwalta sai injin ya ɗaga murya, bayan kuma ya kama wani kuka mai tsawo. Duk Samaru babu mai irinsa. Ina ɗaki nake jin ta tun daga babban titi, in ce a ɗora ruwa, ga Malam nan. Bayan rasuwarsa ma, in Tanimu ya karyo kwana da la'asar, akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawa biyu da nake mantawa.

Wannan kukan Tanimu ya zo ya ce zai kashe. Ba haka ya faɗa ba, ya ce zai sauya haƙoran ya sa masu gudu.

"Iya, gonakin da Baba ke shiga yau ɗakunan ɗalibai ne. Kayan da nake samu katifu ne da kwalaye, Kano, Kaduna. Kafin in kai sau ɗaya wani ya kai biyu. Ga shan mai."

Na ce ubansa bai mutu da yunwa ba. Shekararsa arba'in, da furfura a gemu, amma har yau ba ya mayar mini da magana, sai dai ya sake dawowa. Ya dawo sau uku, a na huɗu ya roƙe ni in je Sabon Gari in gani da idona.

Mai shagon kayan motar da ya kai ni wani Inyamuri ne mai ƙiba, a Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta jikokina. Ya ba ni kujera, ya aika a kawo mini lemo, ya ce, "Mama, in aka sa wannan, sai kin ɗaure kallabi da kyau." Ina jin sa ina kallon bayan ƙofa. Akwai wani buhu a jingine, an riga an ɗaure bakinsa, kuma ɗaurin na san shi, irin wanda Malam ya koya wa Tanimu ne. Na ce, "To an saya an ɗaure, me aka kawo ni in gani?" Mai shagon ya fashe da dariya, Tanimu ya kalli silifas ɗinsa.

A nan na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na ce wanda ya ɗaura haƙoran da hannunsa shi kaɗai zai ce a cire, wato Malam Ilu, makanikin Malam, wanda ya yi zamansa a Sabon Gari har tsufa ya mai da shi garinsu Matamaye a Nijar. Na san ba zai juya wa aikinsa baya ba, na kuma san nisa zai kashe maganar. Tanimu ya ce, "To ki shirya, Iya. Jibi."

Mun tashi bayan asuba da buhun masara biyu na tsaraba da wancan buhun ƙarfen. A nan zan faɗi abin da mata ba za su yarda ba: shekara talatin motar nan tana ƙofar gidana, ban taɓa wuce Palladan a cikinta ba. In tafiya mai nisa ce Malam tasha yake kai ni, ya ce motar kaya ba ta mata ba ce. Da na zauna a gaba na ga har yanzu carbinsa na rataye a madubi, kujerar direba ta lotsa daidai zamansa. Muka hau titin Kano, ta fara kukanta, na rufe ido. Ban taɓa jin sa kusa haka ba. Na ce a raina, a ce wannan za a cire.

Kafin Tashar Yari daɗin ya ragu. Kafin Kwanar Dangora ya koma kamar ana niƙa a cikin kaina. Kukan da na sani yana zuwa ne ya wuce, a kashe mota, a yi sallama. Wannan ba ya wucewa. Kowa kuma wuce mu yake yi, tirela da bas har da mai babur ɗauke da awaki biyu. Wani kwandasta ya leƙo ta taga ya yi ihu, "Direba, a ba ta dusa ko ta ɗaga ƙafa!" Na juya na ce wa Tanimu ya ji marar kunya. Bai amsa ba. Na sake faɗa. Idonsa na kan titi. Na ce halin uban ne ya taso, a yi maka magana ka mai da mutum bango. Na ja bakina na rufe.

Bayan Kano lagireto ya tafasa, muka tsaya gindin wata darbejiya har ya huce. Wata mai awara ta ba ni tabarma, ta tambaye ni ko asibiti za a kai ni, wai ta ga ina riƙe da kai. Na ce ta kula da manta yana ƙonewa.

A Kazaure muka tsaya azahar. Ina zaune a inuwar masallaci ta wajen mata ina hangen Tanimu yana alwala. Ya wanke fuska, ya wanke hannu, ya shafi kai. Da ya zo kunne sai na ga ya sa yatsa ya zaro wani abu fari daga na dama, ya zaro daga na hagu, ya ajiye a kan gwiwa. Auduga ce. Da ya idar da salla ya waiga ko ina kallo, ya mayar da ita. Na saya mana ƙosai muka ci gaba.

A Daura muka sauka gidan Hure, ƙanwar Malam, don an ce in yamma ta yi ba a gama takardun mota a iyaka. Hure ba ta sauya ba, bakinta ba ya hutawa. Ta dama mini fura mai yaji, furar da ta fi tamu laushi, wannan kam na ba su, ta zauna tana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ina ganin bakinta yana motsi, amma motar ce a kunnena, alhali tana waje a kashe. Ta yi tambaya. Na ce, "Iye?" Ta maimaita. Na karkato kai na ce, "Iye?"

Hure ta ajiye ludayi ta ce, "Yaya, wallahi kamar marigayi. Har karkata kan."

Na ce gajiya ce, a nuna mini inda zan yi magariba.

Da safe muka isa Kwangwalam. Ni na ɗauka iyaka wata katanga ce. Ashe gari ne kamar kowane, da masu shayi da masu canji, mutanen wannan gefe da na wancan duk dangin juna. A namu ɓangaren aka kwance buhun ƙarfen, mutum uku suka taru suna juya faifan, ɗaya ya ce ai ya san shi, na injin markaɗe ne. A ɓangarensu igiya ce kawai aka gitta a titi. Wani jandarma dogo, irin 'yan sandansu na can, ya zo ta tagata, ya gaishe ni tukuna har da tambayar gida, sannan ya ce katin shaida. Na kwance lalitata. Na miƙa masa na farko, ya ce wannan na asibiti ne, Inna. Na biyu, na zaɓe ne. Na uku ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan lasin tuƙi ne, kuma mai gemu ne a jiki." Na Malam ne. Ban san na haɗo da shi ba, ko kuma na sani. Na ce mai motar ke nan. Ya kalli motar, ya kalle ni, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce Allah ya jiƙan rai. Na huɗun ne wanda yake nema.

Takardun mota suka riƙe mu har rana ta take. Na sayi burodinsu, dogo kamar taɓarya, ɓawon ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Mai sayarwa ta ce a shayi ake tsomawa. Na ce da sai ta faɗa kafin in ciza. Abin da ya fi ba ni mamaki a hanya mata ne tsararrakina a kan amalanken shanu, su ke riƙe da igiya, suna kora suna hira. A Zariya in na yi haka sai jikokina sun ƙi fita makaranta.

Gidan Malam Ilu yana bayan gari, sai an sauka daga kwalta an bi rairayi. A nan muka tarar da wata ƙaramar mota sabuwa ta nutse har ciki, fasinjoji sun fito suna turawa, tayoyin na ta watsa musu ƙasa. Tanimu ya ɗaura mata igiya, ya sa giya ta ɗaya. Motar Malam ta yi gurnani ta fizgo ta kamar an zare ƙaya. Mutane suka yi ta tafi. Na daki kafaɗar Tanimu, na ɗaga murya yadda zai ji har ta cikin audugar, na ce, "Ka gani? Masu gudun naka za su yi wannan?" Ya girgiza kai, ya ce ba za su yi ba. Na gyara zama. A lokacin na gama yanke hukunci, da buhunsa za mu koma.

Ba mu kai ƙofar gidan ba sai ga tsoho ya fito da sanda, babu hula, yana kiran sunan Malam. Ya san ya rasu, an gaya masa a waya tun a lokacin. Ya tsaya ya dafa bodin motar, ya ce, "Ku yi haƙuri, Hajiya. Na ji ta ne daga kwalta." Na ce babu komai, na san yadda abin yake.

Matarsa Zinaru ta sauke ni a ɗakinta, ɗaki mai yashi fari a ƙasa wanda take tankaɗewa kullum da rariya. Ta kawo dambun zogale da ƙuli, da cuku, wato nono ne suke busarwa ya zama kamar faifai. Aka kawo shayi a ɗan kofi kamar na magani, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye, na yi godiya, na miƙe. Zinaru ta jawo zanena ta ce, "Ina za ki? Na farko ke nan, saura biyu." Sai da muka yi kusan awa biyu a kan abin da ni a gida nake gamawa a tsaye. Na uku ya yi daɗi, ban ɓoye mata ba.

Washegari da hantsi Malam Ilu ya sa aka kai motar kan dandaryar ƙasa. Ya ce in zo kusa, tunda ni ce alƙali. Ya ɗauki alli ya yi zane a tayar baya, ya yi wani a jikin farfela, dogon ƙarfen nan da ke kawo juyi daga inji. Ya ce Tanimu ya tura a hankali har taya ta zagaya sau ɗaya, ni kuma in tsuguna in ƙirga sau nawa zanen farfela ya wuce. Na ƙirga. Saura kaɗan ya cika biyar.

"Wancan na buhu saura kaɗan ya cika huɗu," in ji shi. "Kin ga duk taku ɗaya sai injin nan ya yi wahalar da ta fi ta wancan. A laka alheri ne. A kwalta azaba ce, ga inji, ga wanda ke zaune a kansa. Kai Tanimu, a wata kwana nawa kake shiga gona?"

"Wani watan ko ɗaya."

Na ce jiya fa, a gaban idonmu ta ciro mota daga rairayi.

"Ta ciro. In an sauya ba za ta ƙara ciro irinta ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Buhu ashirin a fadama kuma sai dai a rage." Ya goge allin a rigarsa. "Ni na ɗaura su, Hajiya, kuma ni na fara ce wa marigayi ya cire. Tun da kayan gona suka ja baya ya koma bin Kano na ce masa kunnenka fa. Ya ce an saba. Kin san shi. Shekarun ƙarshe in ya zo gareji sai na kama kafaɗarsa kafin ya san da shi nake. Ai ke kin fi ni sani."

Ban fi shi sani ba. Abin da na sani shi ne wajen shekara goma Malam ya daina amsa mini. In yi magana ina bayansa, ya ci gaba da cin tuwo. In ba shi labarin abin da ya faru a gida, ya ce to, alhali ba wurin to ba ne. Na ce raini ne, ya gaji da muryata. Na taɓa yin kwana uku ban ce masa uffan ba don ya ji yadda ake ji, bai ma nuna ya lura ba, wannan ya ƙara ƙona ni. Daga baya na daina kawo masa labari, sai abinci da ruwa da sannu da zuwa. Shi kuma namiji ne irin na da, ya gwammace a ce masa mai girman kai da a ce masa kurma. Ni da ake cewa ba abin da ke wuce idona a unguwa.

Tanimu ya juya mana baya yana ɗaure igiyar bodi, bai fi taku biyar ba, motar a kashe, babu auduga. Malam Ilu ya kalle ni, sannan ya kira shi da murya irin ta hira. "Tanimu." Bai juyo ba. Ya ƙara. Sai a na uku, da ya ɗaga murya, ya waiwayo ya ce, "Na'am, Baba?"

Na ce, "Malam Ilu, kwance."

Tanimu ya zo ya tsuguna. "Iya, in don ni ne, a bar ta. Na san me kike ji in na shigo layi."

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce, "Wa ya tambaye ka? Tashi ka ɗauko masa jak."

Wuni guda suka yi. Tsohon ba ya iya kwanciya a ƙarƙashin mota yanzu, yana zaune a kan turmi yana ba da umarni, Tanimu na kwancewa. Da aka zo daidaita sababbin ya shafa musu wani shuɗin abu, ya juya, ya duba inda suka ciji juna, ya ce a sake. Sau huɗu yana sa a sake. Da tsofaffin suka fito, Tanimu ya wanke su da kananzir ya tambaye ni ko a sa a buhu mu tafi da su. Na ɗauki ƙaramin na juya shi a hannuna. Ya fi yadda na zata nauyi, bakin haƙoran ya yi sheƙi kamar cokali. Na ce me zan yi da ƙarfe a ɗaki, a bar wa Malam Ilu, a nan ƙasar rairayi wata motar za ta buƙace su.

Kwana uku muka yi muka juyo. Zinaru ta cika mini ƙwarya da cuku. A iyaka jandarman nan ba ya nan, wani ne, bai tambayi komai ba sai takardar mota. Da muka hau kwaltar Daura Tanimu ya sa giya ta huɗu, na jira. Babu. Sai iska da ƙarar taya, da wani ƙwas-ƙwas a ƙofata wanda ashe ya daɗe yana yi ba mai ji. Motar tana tafiya kamar ta kowa. Na juya fuskata wajen taga har muka wuce Kazaure.

Bayan nan ne ya yi magana, a hankali, kuma na ji shi sarai.

"Iya, kin san Baba yana waƙa?"

Na ce kada ya yi wa mamaci ƙarya. Shekara arba'in da uku ina gidan mutumin nan, ko guɗa aka yi a maƙwabta tashi yake ya bar wurin.

"Wallahi yana yi. Lokacin da nake bin sa Kano. Da mun wuce Tashar Yari, mota ta ɗauki kuka sosai, sai ya fara. Da ƙarfi fa, har jijiyar wuyansa na tashi, yana buga sitiyari. In mun shigo gari ya rage gudu sai ya yi shiru ya gyara hula."

Wata tirela ta taso a gabanmu, Tanimu ya ba da hannu ya wuce ta.

Na ce, "Wace waƙa?"

Ya ce, "Ban sani ba, Iya. Ban taɓa ji ba. Bakinsa kawai nake gani."